Saniyar Jikin Gwangwani

Mai karatu, yaushe rabonka da ka juya gwangwanin da ake karya kumallo da shi a gidanka, ka karanta abin da aka rubuta a bayansa?

A damunar 1989 Jamilatu da mijinta Halliru, malamin firamare a Ƙaraye, suka yi sammako a kan mashin zuwa ƙauyen Jajaye. Wata biyu ke nan da aka kai 'yarsu Zaituna yaye wurin Goggo Tasalla, mahaifiyar Halliru, wadda kuma yayar mahaifin Jamilatu ce. Auren zumunci ne, amma su suka zaɓi juna. Zaituna 'yar fari ce, a danginsu kuwa uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban manya, ba ta tambayar abin da ta ci.

Bayan doguwar gaisuwa, Goggo ta fito da yarinyar tana alfahari.

"Ku dubi ƙawata. Kun kawo min ita kamar sillen kara, ga ta nan ta ajiye kumatu."

Jamilatu ta saci kallo ta gefen mayafi. Kumatun sun cika, ƙafafun sun yi suntum suna sheƙi, amma damatsan sun tsotse, gashin ya yi ja kamar gemun masara. Yarinyar da ke tsalle da zarar ta ji ƙarar mashin ɗin babanta, yau ko kai ba ta ɗaga ba. Jamilatu ta taɓa ganin irin wannan hoton a littafin kiwon lafiya tana sakandare. Tamowa ce, cutar rashin abinci mai gina jiki.

Goggo ta zuba ruwan zafi a kofi, ta tsiyaya wani farin abu mai kauri daga gwangwani, ta gutsura burodi a ciki.

"Abincinta ke nan, safe da rana. Tunda ta ɗanɗana madarar Turawa ta ƙi kunu, ta ƙi fura. Nonon shanunmu sai dai kasuwa. Allah ya yi wa Halliru albarka, katan guda yake aiko min."

Halliru ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Jamilatu ta jawo gwangwanin kamar za ta kawar da shi. A gabansa ga zanen ƙatuwar saniya a cikin ciyawa. A bayansa, da ƙananan haruffan Turanci, an jera abin da ke ciki: sukari ne a farko, sai man tsirrai, sai 'yar madarar da aka kwashe wa mai a can ƙarshe. A ƙasa an rubuta kada a ciyar da ƙananan yara da shi.

Ta yi wa mijinta alama, suka zagaya bayan rumbu.

"Hamma," ta ce, yadda suke kiran yaya a danginsu, "ka taɓa karanta wannan?"

"Me zan karanta? Madara ce, ga saniya nan."

"Saniyar zane ce. Kai tica ne, karanta."

Ya karanta sau biyu. Sannan ya sassauta murya.

"Ki rufa min asiri, Jamila. In kika yi maganar yarinyar nan a gaban Goggo, cewa za ta yi boko ya cire miki kunya. Bari mu koma, sati mai zuwa zan lallaɓa ta."

"Sati mai zuwa ƙila zaman makoki ne zai kawo mu."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta koma tsakar gida, ta durƙusa, ta ɗauki yarinyar. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yarinyar, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba.

"Goggo, ki gafarce ni. Zaituna ba ƙiba ta yi ba, kumburi ne."

Goggo ta dire kofin.

"Sunan wa na ji a bakinki?" Goggo ta miƙe. "Ni da na yaye 'ya'ya bakwai za ki koya wa raino? Halliru, ka mayar da ita gidan ubanta ta koyo kunya, in ba haka ba ka daina kirana uwa!"

Jamilatu ta ƙanƙame 'yarta, hawaye na zuba. Ba ta san wanda za ta fara rasawa ba, mijin ko 'yar.

Halliru ya zube a gaban mahaifiyarsa.

"Goggo, ba ke ta zarga ba. Ni na sayo, ni na iya karatu, ban karanta ba. Sukari da mai nake aiko miki. Don Allah ki sa yatsanki ki gani, sannan ki yanke mana hukuncin da kika so."

Goggo ta daɗe a tsaye. Mace ce da ta tashi cikin shanu, ta san kumburi a jikin maraƙi, ta kuma san abin da ke biyo bayansa. Ta danna ƙafar. Da ta ɗaga yatsan ta ga ramin ya zauna, sai ta miƙa wa Jamilatu hannu.

"Ba ni ita in goya. Kai kuma tada mashin."

Jamilatu ta bi su a motar kasuwa, tana addu'a har Ƙaraye.

Kwana goma sha tara suka yi a asibiti. A satin farko Zaituna ko kuka ba ta da ƙarfin yi, nas ta ce saura ƙiris da sun makara. Goggo ba ta yi wa Jamilatu magana ba, ita kuma ba ta fasa durƙusawa ta gaishe ta kullum ba. Amma kowace safiya sai ga nonon shanu daga Jajaye. A tafasa shi, a ba yarinyar cokali-cokali yadda nas ta tsara, daga baya aka ƙara kunun gyaɗa, ƙwai da ƙosai. Kumburin ya saɓe. Ranar da Zaituna ta fizge ƙosai daga hannun kakarta, Goggo ta juya baya ta share ido.

Ranar sallama wata 'yar dubiya ta kawo fakitin garin kunu na kanti. Goggo ta juya shi a hannunta, sannan ta miƙa wa Jamilatu ba tare da ta kalle ta ba.

"Ke 'yar boko, duba min bayan nan kafin a ba ta."

Kunya ado ce, haƙuri da manya kuma wajibi ne, amma babu ɗayansu da ya kai ran yaro. Masu sayar da sukari da zanen saniya sun dogara ne da cewa ba za mu duba ba. Don haka gobe da safe, kafin ku huda gwangwani, ku juya shi ku karanta. Wanda bai iya ba ya nemi a karanta masa, wanda ya iya kuma kada ya yi shiru.