Yatsa a Kan Sunan Ratri

Tun asuba ake tsuga ruwa a Wageningen ta ƙasar Holland, saura kwana uku a yaye ɗalibai. A ɗan ɗakinsu na benen ɗalibai masu iyali, Bagas na tsaye gaban murhu yana suyar tempe, wani abincin waken suya na ƙasarsu, 'yarsu Kinanti mai shekara uku tana maƙale da ƙafarsa. Matarsa Ratri na gugar rigar da za ta sa ranar karɓar digirinta na biyu. Mahaifiyarsa kuwa, Ibu Sumarni (Ibu na nufin Mama a yarensu), wadda ta sauka jiya daga Klaten ta ƙasar Indonesiya, tana zaune cikin rigar sanyi har biyu, tana bin ɗanta da kallo kamar wadda aka yi wa rasuwa.

"Bagas, ajiye cokalin nan mana! Malamin sakandare guda, kai ne da suya?"

"Shekara biyu ke nan ni nake yi, Ibu. Ɗanɗana ki ji, na fi Ratri iyawa."

Ratri ta yi dariya. "Gaskiya ne, Ibu. Ni ƙonawa nake yi."

Wayar Ibu ta yi ƙara. Baffa Harjo ne, yayan marigayi mahaifin Bagas, ya kira ta bidiyo. Kafin Ibu ta rage sautin, muryarsa ta cika ɗakin.

"Ina ɗan namu mai mastas? Bagas! Ka fitar da mu kunya, yaro! Duk zuri'armu ba wanda ya taɓa ƙetarawa karatu sai kai. Ranar Juma'a za mu taru a gidana mu ga hoton satifiket. Matarka ma ka gaishe ta, ta yi ƙoƙarin kula da kai."

Bagas ya ce, "Na gode, Baffa," da wata 'yar siririyar murya, ya katse kiran.

Ratri ta ajiye dutsen guga a hankali. "Mas," haka take kiran mijinta, "wane mastas?"

Ya kasa ɗaga ido. Tempe ya fara ƙauri, ba wanda ya kula.

Ibu ce ta karɓe zancen. "Ni na faɗa musu shi ke karatun, kuma ban yi nadama ba! Me kike so in ce? Ɗana ya ajiye aikinsa ya bi mata Turai yana wanke wa jaririya wando? Da wane ido zan shiga biki a Klaten?"

"Kai kuma ka sani?" Ratri ta tambayi mijinta.

"Na sani," ya ce. "A guruf ɗin dangi ne, wanda ba kya ciki. Da farko na ce gobe zan gyara. Sai Wahyu ɗan Baffa ya fara tsokanata, wai na tafi raino... shi ne na tura musu hotona a ƙofar laburare, riƙe da littattafanki."

"Ranar da ka kawo mini abinci?"

Ya gyaɗa kai.

Ibu ta gyara zama. "Abu ne mai sauƙi, 'yata. Hoto ɗaya tak! Ya riƙe takardar, ya ɗora yatsa a kan sunan, shi ke nan. Ilimin yana kanki, wa zai ƙwace miki? Mutuncin mijinki ai naki ne."

Ratri ta kashe murhu, ta ɗauki Kinanti ta shiga sa mata takalma.

A rumfar kekuna Bagas ya cim mata, tana ɗaure yarinyar a kujerar baya. Fuskarta duk ta jiƙe, kuma ba ruwan sama ba ne.

"Ratri, ki zage ni mana. Shirun nan ya fi mari ciwo."

"Ba zan zage ka ba, Mas. Na yarda, za a yi hoton. Ibu tsohuwa ce, ba zan tozarta ta a ƙasar mutane ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ba takardar ce ta dame ni ba. Ni fa duk wanda na haɗu da shi a makaranta sai na ba shi labarinka, har ƙawayena na ce mini na cika yabon miji. Ashe abin da nake alfahari da shi, kai kunyarsa kake ji. Wannan ne ya yi mini zafi."

Ta hau keke ta tafi kai yarinyar gidan raino. Shi kuwa ya daɗe a tsaye a wurin, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kwana biyun da suka biyo, Ratri ba ta canza wa kowa fuska ba. Ta kai Ibu kasuwa, ta sayo mata safar hannu, ta shafa mata man zafi a gwiwa. Duk alherin da ta yi sai Bagas ya ji kamar allura ake caka masa. Abinci ma ya kasa ci.

Ranar Juma'a da hantsi zauren bikin yayen ya cika. Kamar yadda aka saba, kowane ɗalibi sai malaminsa ya faɗi 'yan kalmomi a kansa kafin ya sa hannu a takarda. Da aka kira Ratri, Dakta Hoekstra, dattijuwar da ta duba bincikenta, ta miƙe ta fara magana da Turanci.

Ibu ta zunguri ɗanta. "Me take cewa? Fassara mini."

"Ta ce... Ratri ta yi bincike kan cutar da ke ruɓar da dankali. Ta ce wata biyar da farawa shukokin gwajinta suka mutu gaba ɗaya, ta zauna ta yi kuka, washegari ta sake shuka daga farko." Ya ƙara kasa kunne. "Ta ce ko ranar da zazzaɓi ya kama ta sai da ta zo ta auna su."

"Sai kuma me? Na ga mutane na waiwayo mu."

"Ta ce a shafin godiya Ratri ta rubuta cewa... cewa rabin digirin nan na mijinta ne."

Ibu ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta.

Da aka fito, Ratri da kanta ta miƙa masa satifiket ɗin, ta karɓi wayar Ibu, ta ja da baya. "Matsa wajen haske, Mas. Yi murmushi."

Ya ɗora babban yatsansa a kan sunan. Ya ɗago, ya ga matarsa cikin kwalliyarta, a ranarta, tana gyara masa tsayuwa don ƙarya ta yi kyau. Ya miƙa mata hannu.

"Ba ni wayar."

"Bagas!" Ibu ta yi kansa. "Kada ka kuskura!"

Ya riga ya danna kiran Baffa Harjo. Fuskoki suka cika wayar, ana tafi ana guɗa. Ya kara takardar dab da kyamara, ya janye yatsansa.

"Baffa, karanta sunan. Ratri Wulandari. Ita ce ta yi karatun, ba ni ba. Ni girki na yi, da wanki, da rainon Kinanti. Shekara biyu ina karɓar yabon da ba nawa ba. Ku yafe mini."

Sai aka ji Wahyu ya fashe da dariya. "Ai na faɗa! Mastas a wankin kwano!"

"Rufe mini baki!" Baffa ya daka masa tsawa. Ya cire tabarau ya goge. "Bagas, girkin bai ba ni kunya ba. Ƙaryar ce ta ba ni. Miƙa mini 'yata."

Ratri ta matso gaban wayar.

"'Yata, kin san da wannan zance kika yi shiru?"

"Kwana uku ke nan da na sani, Baffa."

"Allah ya yi miki albarka. Ke ce mai mastas ɗin zuri'armu."

Ibu Sumarni ta fashe da kuka, a tsakiyar Turawa da furanninsu, ba ta damu da mai kallo ba. Ta kama hannayen surukarta duka biyun. "Ni na ƙulla, Ratri. Na ci amanarki, ke kuma kina shafa mini mai a gwiwa. Ki yafe wa tsohuwa."

"Na yafe, Ibu. Daina kukan nan, kin sa ni ma zan ɓata kwalliyata."

Mu da muka zauna bene ɗaya da su mun san Bagas bai taɓa yin abin kunya ba a shekara biyun da ya yi yana hidimar gidansa, sai ɓoyewar da ya yi. Hidimar da mutum ya yi wa iyalinsa ba ta rage masa daraja, ƙaryar da ya yi don bakin dangi ita ke zubar da shi. Ratri kuwa ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba, ta yi haƙuri, kuma a gaban kowa aka mayar mata da haƙƙinta.