'Yar Mai Gawayi da Mai Sola

Auta na zaune a tsakar gida tana yi wa Inna fifita, sai ga Baba ya faɗo ko sallama babu, gumi na wanke baƙin gawayin da ke fuskarsa.

"Ke Auta! Ki gaya wa yaron nan mai sola kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidana. Maganar aurenku na fasa!"

Mafici ya suɓuce daga hannunta. "Baba, me ya yi?"

"A taron unguwa, gaban sa'o'ina, ya miƙe wai sare itatuwa da hayaƙi ke dafa duniya, wai nan gaba da hasken rana da iska za a yi girki. Kowa ya juyo yana kallona! Da gawayin nan na ciyar da ke, yau ɗan jiya zai mai da ni abin nuni?"

Inna ta ce, "Malam, ai bai kama suna ba..."

"Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake!"

Auta ta shige ɗaki tana kuka. Can sai ga kiran Injiniya, mai solar da aka yi maganar aurenta da shi. "Sori Auta, wallahi ba da Baba nake ba. Ki fito ko minti ɗaya mu yi magana."

"Ba zan tsallake maganarsa ba. Idan kana sona, taya ni haƙuri." Ta kashe wayar.

Bazarar bana kuwa ba a taɓa ganin irinta ba. Kaji suka riƙa faɗuwa matattu a akurki, tsohuwar makwabta ta kwanta hutun rana ba ta tashi ba. Tsoro biyu suka haɗe wa Auta: kada ta rasa masoyinta, kada kuma maganarsa ta zafin duniya ta tabbata a kan gidansu.

A cikin wannan zafi Baba ya shiga tsohuwar motarsa zai ɗauko kaya a daji. Ya ce kafin azahar ya dawo. Azahar ta wuce. Can wayar Inna ta yi ƙara, Baba ne.

"Mota ta mutu... ruwa ya ƙare..." Sai layin ya yanke.

Suka kira har suka gaji, a kashe. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Auta ta durƙusa gabanta.

"Inna, Injiniya na kafa famfunan sola a ƙauyukan can, ya san hanya. Ki yarje mini in kira shi."

"Kira shi, 'yar nan! Rai ake magana!"

Injiniya bai ko bari ta gama bayani ba, ta ji ya tayar da babur. Daga nan sai jira. Auta ta kafa wa ƙofa ido, duk motsin da ta ji sai ta ga kamar gawa za a shigo da ita. Sai bayan la'asar ya kira.

"Na same shi a ƙarƙashin mota, a sume. Yana numfashi. Ku taho asibiti!"

Suka tarar da Baba ana ƙara masa ruwa, leɓɓansa duk sun tsage. Injiniya na raɓe a bakin ƙofa, ya kasa shiga. Da Baba ya buɗe ido, shi ya fara nema.

"Shigo, yaro." Injiniya ya matso bakin gado, Baba ya ce, "Dajin nan, ina saurayi da rana tsaka duhu ne da shi. Yau na duba gabas da yamma ina neman inuwar da zan fake, babu ko ɗaya. Sai kututture." Hawaye ya gangaro masa. "Amma ka faɗa mini gaskiya, in na bar gawayi, me iyalina za su ci?"

Injiniya ya durƙusa. "Baba, ni ma na yi kuskure, na faɗi ciwo ban kawo magani ba, kuma a bainar jama'a. Ka gafarce ni. Kamfaninmu na neman mai motar da zai riƙa kai kaya ƙauyuka, kuma babu wanda ya san hanyoyin nan kamarka."

Baba ya yi murmushin ƙarfin hali. "Wato suruki ne zai zama ubangidana?"

Inna ta yi dariya cikin kuka. "Ka dai ji ka ce suruki da bakinka!"

Auta ta rufe fuska da mayafi ta fice da gudu.

Zafin duniya bai ragu don an ɗaura aurensu ba, amma mota guda ta daina jigilar gawayi. Auta ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta kuma rasa masoyinta ba. 'Yan'uwa, gaskiya in za a faɗa wa babba a sa mata ladabi, haƙuri kuma bai taɓa barin mai shi a rana ba.