Kukan da Aka Naɗa

Dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano bayan magariba, lokacin da matar gidan take kwashe shanya. Ta ce yaran maƙwabta ne. Mijinta, wanda ake kira Mai Zane duk da ya shekara goma bai taɓa fenti ba, yana gaban kwamfuta, bai ɗago ba. Da na uku ya faɗo sai ya dubi agogo. Tsakanin kowane dutse da na bayansa minti bakwai ne cif. Ya san wannan lissafin, amma ya mayar da idonsa kan kwamfutar.

A makon ne aka buɗe aikinsa a zauren baje kolin zane. Farin ɗaki ne, da lasifika huɗu, da hoton wata tsohuwar rijiya ana haskawa a bango. Ya je rijiyar ana gobe za a cike ta, ya zura makirufo da igiya, ya naɗo abin da ke ciki. Da ya zo tacewa sai ya ga wani siririn layin sauti a ƙarƙashin ƙarar iska. Ya ɗaga shi. Kukan mace ne, irin wanda ake yi ba don kowa ya ji ba. Ya kai hannu zai goge, sai ya lura kukan yana da kyau. Ya wanke shi tas, ya ƙara masa ƙarfi, ya sa shi a ƙarshen minti bakwai, yana ƙarewa ya sake farawa. Masu sharhi suka rubuta cewa aikin yana tambayar abin da na'ura take tunawa bayan mutane sun manta. Ya bar su a kan cewa kwamfuta ce ta ƙirƙiri muryar.

A yamma ta huɗu jifan ya tsaya. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, ta ajiye cokali, ta miƙe wuya, ta fara kuka da muryar da ba tata ba. Daƙiƙa arba'in ta yi, ta tsaya kamar an danna mata wani abu. Bayan minti bakwai ta sake. Kwana biyu ba ci ba barci, leɓenta ya tsage.

"Baban Auta," in ji matar, ba ta dube shi ba, "kowa a gidan nan yana mamaki, ban da kai."

Malamin da ƙanin matar ya kawo tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya zauna kusa da yarinyar, ya yi karatu a hankali har hasken taga ya dushe. Can sai ya ce, "Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba." Muryar ta fito kamar daga ƙasan tulu. "Ku tambayi wancan mai igiya."

Kowa ya juya ya dubi Mai Zane. Muryar ta ci gaba.

"Ɗana ne ya mutu. Na shiga inda ba kowa, na yi kukana sau ɗaya, na share ido. Shi kuma ya ɗauke shi. Duk lokacin da aka kunna, sai na sake yi daga farko, kamar yanzu ya mutu. Su kuwa suna tsaye da kofi a hannu suna gyaɗa kai."

"Ka san kuka ne?" in ji malamin, yana duban Mai Zane.

"Na sani, Malam."

Nan take Mai Zane ya kira zauren ya ce a kashe. Ya goge na kwamfuta, da na ma'ajiyar intanet, ya ɗauki ƙaramin faifan ajiya ya buga da guduma. Malamin ya ce, "To, an biya ki. Ki fita."

"Saura na aljihun mutane."

Mai Zane ya tuna wayoyin da aka ɗaga a ranar buɗewa, da yadda ya ji daɗin ganinsu. Ya ce, "Waɗannan ba na iya kamo su."

"To ba zan yi shi ni kaɗai ba. Yarinyar ta taya ni."

"Ba za ki taɓa ta ba," in ji malamin, a karo na farko da ƙarfi. "Wanda bai zura igiya ba, ba ya jan guga." Bai dubi kowa ba. Ya cire tabarau yana gogewa, ya jira.

"Ni ne," in ji Mai Zane. "Ki bar ta. Ni zan taya ki."

Auta ta yi atishawa uku, ta zube jikin uwarta. Da ta farka, ruwa ta nema.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ya koma fenti, yana zana ƙofofi da kujeru, ba ya sayar da su da tsada. Abin ba ya zuwa kullum. Wani lokaci sai a yi wata guda. Amma yana cikin cin abinci, ko yana layin shiga mota, sai hawaye su ɓalle masa, daƙiƙa arba'in cif, ya san wani a wani wuri ya ci karo da bidiyon, wataƙila ma ya tura wa abokinsa. Auta ba ta tuna komai daga kwanakin nan. Takan miƙa masa hankici kawai ta ce, "Baba, an kunna."