Abin da Auta Ya Nuna wa Duniya

Na gaji da ba da labarin nan, wallahi na gaji. Amma duk ranar da na ga wani ya ɗaga waya a kan ɗansa yana cewa "yi dariya mana, yi dariya," sai bakina ya ƙi rufuwa. To ku saurara. Ni ce yayar wanda abin ya faru da shi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba a bakin wani na tsinci zancen ba.

Ƙanena, Auta muke ce masa, shafi ya buɗe a intanet yana rubutu kan zaman gida: yadda za ka gyara famfo mai zuba, yadda za ka rage kuɗin wuta, yadda ake korar kyankyaso daga kicin. Ba zan ci haƙƙinsa ba, rubutun yana da kyau. Sai dai masu karantawa ba su wuce ni da matarsa da shi kansa ba, ni ma ɗin sai ya kira ni ya ce, "Yaya, kin gani?"

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya koyi kanun labari mai jan ido. Ya koyi lokacin da mutane suka fi riƙe waya. Ya yanka gajerun bidiyo ya watsa a kafafen sada zumunta da linkin shafin a ƙasa, kowanne ya ƙare da "ku yaɗa, ku bibiye mu." Teburin cin abinci ya koma ofis, fitilar ɗaukar hoto ta tare kusurwar falo. A gidan haya suke, hawa na biyu, shi da matarsa da Innarmu, da 'yarsa mai shekara huɗu da muke kira Tsuntsuwa saboda surutu. Yarinyar nan har da kofi tana hira. Uwarta ta kafa masa doka tun farko: ya ɗora duk abin da yake so, amma ban da fuskar 'yarta.

Lokaci ya ja, babu kamfanin da ya ba shi talla. Yana ganin yaran da suka fara bayansa sun sayi mota, shi kuwa data ma sai na tura masa. Wata rana wani abokin sana'arsa, wanda mabiyansa suka tashi kamar gobara, ya raɗa masa kwatancen wurin wani boka. Abin da ya faru a can, Auta ne ya faɗa mini da bakinsa bayan komai ya lalace.

Tsohon shagon ɗaukar hoto ne, a lungun bayan masu gyaran waya. Da rana tsaka ya shiga, amma yana sauke labule duhu ya rufe shi. Warin ƙonannen gashi ya tare masa maƙogwaro. Da idonsa ya saba, sai ya ga bango duk tsofaffin hotunan mutane ne, jarirai da 'yan makaranta da tsofaffi, kuma kowane hoto an yanke masa idanu da reza. Idanun suna cikin wata tasa a ƙasa, tuli guda. Gefen tasar an jera fasassun gilasan waya, baƙaƙe wuluk, an zagaye wata tukunya da su. Bokan yana zaune a kan kujerar da ake zama a ɗauki hoto, tsoho ne cikin riga mai guga, idonsa ɗaya fari fat.

"Ba na yanka," in ji Auta tun bai zauna ba. "Ko kaza ba zan yanka ba. In da jini a ciki, in juya."

"Wa ya yi zancen jini? Zauna, ɗana. Me kake nema?"

"Mutane. A kalle ni, a karanta ni. In mutane sun taru, kuɗi zai biyo su."

"Ido kake nema ke nan," in ji tsohon. "Ido kuwa yana ci."

"Nawa zan biya?"

"Ni ba na karɓar komai. Masu kallon za su karɓa da kansu."

Auta ya yi murmushi, a ransa ya ce tsohon nan bai san intanet ba. "Baba, ai kyauta nake ba su. Me za su karɓa?"

"Abin da ka miƙa musu. Sharaɗina biyu ne. Abin da za ka nuna ya zama naka, mai numfashi a ƙarƙashin rufinka, ban da aro. Kuma abin da ka nuna, ka bayar ke nan."

"Ai sana'ar ke nan dama," in ji Auta.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa da farin idon. Sannan ya ɗebi idanun takarda cikin tafinsa ya zuba a tukunya, ya ƙyasta ashana. Hayaƙin bai yi sama ba, ƙasa ya bi yana zagaye ƙafafun Auta. Ya kwaɓa tokar da wani baƙin mai, ya sa tsinke ya zizara ta a idon kyamarar wayar kamar mai sa wa jariri kwalli, ragowar ya shafa a fatar idon Auta. Wayar ta ɗauki ɗumi a hannunsa kamar abu mai rai. Ya ce da ya duba baƙin gilashin, fuskoki ya gani sun cunkushe, babu hanci babu baki, sai idanu. Duk da haka ya sa wayar a aljihu ya yi godiya.

Da kyanwar gidan ya fara. Ya ɗauke ta tana wasa da ɗigon famfo, ya manna linkin rubutunsa. Kafin la'asar wayar ta hana kowa sakat da ƙara, mutane sun cika shafin har ya tsaya cak. Bayan 'yan kwanaki kyanwar ta daina cin abinci, ta shige ƙarƙashin gado ta mutu. Muka ce tsufa ne.

Sai ya juya kan Inna. Innarmu mace ce mai baki, in tana faɗa sai ka yi dariya ko kai ake yi wa. Ya ɗauke ta tana yi masa tas a kan ya bar fitila a kunne. Duniya ta ɗauka. Aka sa mata suna Kakar Kowa, ana jiran bidiyonta kullum. Kamfanin sabulu ya zo, na tukwane ya zo, na waya ya zo. Auta ya tashi daga haya ya koma gida mai ƙofar ƙarfe, ya ɗauki ma'aikata masu yanka bidiyo da masu amsa sharhi, har ana gayyatarsa ya koyar da yadda ake tara mabiya. Ni ma na ci arziki, ba zan ɓoye ba, ya canza mini firiji.

Inna kuwa tana ta zubewa. Ba ciwo, ba zazzaɓi, likita ya duba bai ga komai ba. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, "Ke, ni fa na gaji. Ko na rufe ƙofa ji nake ana kallona. Kamar ana tsotse ni ta ido." Na ce, "Inna, farin jini ne ya yi miki yawa." Ba ta yi dariya ba. Da safiyar wata Laraba muka same ta a kan kujera, shayinta ya huce a gabanta.

Ranar rasuwar, matar Auta ta durƙushe a tsakar falo tana kuka, don ita da Inna kamar uwa da 'ya suke. Ina tsaye ina gani ya zaro waya. Na ce, "Auta, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Yaya, mabiyan Inna ma suna da haƙƙi, su ma sun yi rashi." Wannan bidiyon ya ninka duk na baya. Shi kuwa mai wannan sana'a, in ya ga abin da ya fi tafiya, shi yake ƙarawa. Ya ɗauke ta tana ninke kayan Inna, ya ɗauke ta tana tagumi a bakin taga, kowanne da rubutu a shafi kan yadda ake jure rashi, da tallar man shafawa a ƙasa.

Ba a daɗe ba ta fara lulluɓe madubai da zannuwan gado. Ta liƙe tagogi da jarida. Ta daina shiga wanka, wai ɗakin a cike yake da mutane. Tana zaune sai ta ce, "Ku ɗan juya baya mana, don Allah, in huta." Ranar da ta nemi ƙwaƙule idonta da cokali, 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita asibitin masu taɓin hankali. Har yau tana can, fuskarta a bango.

Na ɗauko Tsuntsuwa na dawo da ita wurina. A lokacin ne Auta ya zo ya zauna a ƙasa a ɗakina, ya ba ni labarin shagon hoto tun daga farko. Na ce, "To ka ji ni da kyau. Yarinyar nan ita kaɗai ta rage mana. Ka kuskura ka nuna ko farcenta, ba ni ba kai har abada." Ya rantse, har da hawaye.

Ya riƙe rantsuwar na ɗan lokaci. Ya koma rubutun famfo da kyankyaso, mutane suka watse. Kamfanoni suka daina ɗaga wayarsa, ma'aikata suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya saba da ƙarar waya, shiru ya fi masa yunwa ciwo. Wata Asabar ya zo gaishe mu, na shiga kicin in ɗora ruwa. Tsuntsuwa tana zaune a ƙasa ta ba shi baya, tana yi wa takalminta waƙa. Daga baya ya ce mini, "Bayanta kawai na ɗauka, Yaya, ban nuna fuska ba." Amma a ƙarshen bidiyon ta waiwayo ta ce, "Baba, ka ji waƙata?"

Wannan waiwayen aka so. Kafin ya isa gida abin ya zaga ko'ina. Tsoro ya kama shi ya goge, amma ina. Shi da kansa ya shekara yana koya wa mutane su yaɗa, sun kuwa koya. An sauke, an tura, an sa mata kiɗa, an yi mata sitika.

Washegari Tsuntsuwa ta tashi ba surutu. Na ba ta kofinta, ta kalle shi kawai. Da rana ta shige bayan labule ta ce, "Gwaggo, ce musu su daina."

Auta ya ruga shagon hoto. Ya durƙusa ya ce a karɓe gidan, a karɓe komai, a bar masa 'yarsa. Tsohon ko motsi bai yi ba.

"Na faɗa maka ni ba na karɓa. Ba a hannuna take ba."

"To a hannun wa take, Baba?"

"Masu kallo. In kowa ya kawar da idonsa, za ta tashi."

Nan ƙanena ya yi kuskuren da sai irinsa ne zai yi. Mutumin da ya manta yadda ake yi wa mutane magana in ba ta waya ba, me kuke tsammani? Ya zauna a cikin motarsa ya kunna kyamara, yana kuka da majina. Ya ce 'yarsa ba ta da lafiya, ya roƙi duniya don girman Allah kowa ya goge bidiyonta, kada wanda ya sake kallonta. Ya ɗora.

Bai taɓa yin abin da ya tafi kamar wannan ba. Wanda bai san da yarinyar ba ya shiga nemanta, yana tambaya a sharhi wacce yarinya ce, a turo masa. Masu tausayi, kuma su suka fi yawa, suka ciro fuskarta daidai inda ta waiwayo, suka rubuta "ku sa ta a addu'a, ku tura wa wasu." Babu mai mugun nufi a cikinsu. Har maƙwabciyata ta shigo da gudu tana nuna mini, tana cewa, "Allah sarki, kin ga yadda ake son 'yarku."

Tana kan cinyata a lokacin. Na lulluɓe ta da bargo har kai, na rufe ƙofa da taga, na tofa mata duk addu'ar da na sani. Nauyinta yana raguwa ina ji a ƙafata. Auta ya shigo ya durƙusa a gabanmu, wayar tana ta ruri a aljihunsa, ya buga ta da bango ta tarwatse, bai hana komai ba. Ya ɗaga bargon ya ce, "'Yar Baba, ga ni." Ta sa tafin hannunta ta rufe masa ido. Hannun bai daɗe ba ya zame.

Gidan mai ƙofar ƙarfe an sayar. Shafin ya mutu, wani ya saye sunan yana tallar takalma. Auta yana nan da rai, in ana kiran wannan rai. Yana yawo a tashar mota ba takalmi, duk wanda ya gani da waya sai ya riƙe masa riga ya ce, "Ɗan uwa, don Allah ka goge." Wasu su ture shi, wasu su ɗauke shi bidiyo. Ni nake kai masa abinci, rannan ya ci, rannan ya zubar.

Ban ba ku labarin nan don ku ce Allah sarki ba, na ƙoshi da Allah sarki. Kai mai neman a san ka ko ta halin ƙaƙa, ka sani duk wanda ya ce zai ba ka duniya kyauta, a cikin gidanka zai ɗauki kuɗinsa, kuma da hannunka za ka miƙa. Ka nemi halalinka ko da mutum uku ne ke karanta ka. Kwaɗayi ya cinye mini uwa da suruka da ƙane, ya haɗa da yarinyar da ba ta san komai ba.

Hotonta yana yawo har yanzu. In ya faɗo wayarka, yarinya ce 'yar ƙarama ta waiwayo tana murmushi, kada ka tura wa kowa. Ka goge, ka bar ta ta huta.