Gida na Goma Sha Huɗu

"Ba za ki ɗauki layina na rabon abinci ba, Malama. Na gama magana."

Muryar Dogo a waya duk ta dishe, yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. Ni kuwa ina tsaye a zauren makarantarmu, wanda aka mayar kicin ɗin dafa wa tsofaffi abinci tun da annoba ta sa aka kulle gari, makullin motarsa a hannuna.

"To wa zai ɗauka?" na ce. "Direbobi uku gare mu. Kai ka kwanta, ɗaya matarsa ta haihu jiya, ɗayan kuma layi biyu yake yi. Tsofaffi talatin da ɗaya, Dogo. Su ci me yau?"

"Ummarki fa? Ki wuni kina yawo gida-gida, ki koma ki kwana ɗaki ɗaya da mai asma?"

"Na kwaso kayana tun safe. A ajina zan riƙa kwana har ka warke."



"Ba Ummata ce damuwarka ba," na ce a hankali. "Gida na goma sha huɗu ne."

Gida na goma sha huɗu a takardar layinsa, gidan mahaifiyarsa ne, Inna. Tana hawa na uku a wani tsohon bene, gwiwoyinta sun daɗe da hana ta sauka. Da annoba ta fara, Dogo ya bar mata gidan ya kama ɗaki don kada ya kai mata cuta, ya sa sunanta cikin masu karɓar abinci domin ya riƙa ganin fuskarta kullum, ko daga nesa ne.

Sau ɗaya na taɓa shiga gidan. Ya kai ni in gaishe ta, ta bari na zauna na sha ruwa, sannan ta ce, "Na ji kin girme shi da shekara huɗu. Na ji kin yi shekara shida a gidan wani ba ko ɓari. Shi kaɗai gare ni, 'yata. Me za ki ba shi?" Wata takwas ke nan, maganar aurenmu tana nan inda ta bar ta.

"Na ce mata an canja mini layi na sati biyu," in ji Dogo. "Tana da hawan jini, ga ciwon suga. Idan har sai kin je... ki yi mini alkawari ba za ki gaya mata ina kwance ba. Don Allah, masoyiyata."

Na ce to, zuciyata ba ta so ba.

Uwar Kicin, tsohuwar mai dafa abincin makarantar da ke juya mu duka da bakin ludayinta, ta leƙo daga bayan tukunya. "Soyayya tana ta dahuwa, shinkafa tana ta hucewa. Malama, ko ki tafi, ko ki ba ni makullin in je in tattake mutane a hanya."

Aikin yana da ƙa'ida. Ka ajiye robar abinci a bakin ƙofa, ka ƙwanƙwasa, ka ja da baya taku shida, ka jira sai ka ga fuskar mai gidan da idonka. Tituna fayau, ba kowa sai karnuka da motar asibiti. A gida na uku wani tsohon mai gyaran agogo ya sanar da ni cewa na makara da minti goma sha biyu, kuma Dogo bai taɓa wuce biyar ba. A na tara wasu mata da miji suka buɗe robobinsu a gabana suna gardamar wa aka ba babban kifi.

Na hau benen Inna na ƙwanƙwasa. Ta buɗe ƙofar kaɗan, ba ta cire sarƙa ba. Takunkumi ya rufe mini rabin fuska, amma kallo ɗaya ta yi mini.

"Ke ce."

"Ina wuni, Inna."

"Ina shi?"

"An canja masa layi."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta mayar da ƙofar ta rufe. Ba ta taɓa robar ba.

Washegari na tarar da abincin jiya a inda na bar shi. Na ɗauke, na ajiye sabo, na ƙwanƙwasa. Ta ce daga ciki, "Na ji. Ina da rai. Ki tafi."

A rana ta uku da safe Dogo ya kira ni, da ƙyar nake jin abin da yake faɗa. Iskar oksijin ta jikinsa ta yi ƙasa, motar asibiti tana hanya. "Kada ki tsaya... ki kai musu abincin," ya ce, waya ta katse.

Na kai. Ban san yadda na yi gida goma sha uku ba, amma na yi. A ƙofar Inna robar jiya tana nan, lemun da ke kai ma ba a ɗauka ba. Kwana uku ke nan mai ciwon suga ba ta ci abin kirki ba. Na ajiye sabuwar, na ƙwanƙwasa, na koma na zauna a kan matakala.

"Inna, yau ba zan tafi ba sai kin ci."

Na ji jan takalminta har bakin ƙofa, amma ba ta buɗe ba.

"Kina zaton don ke ce na ƙi ci?" ta ce. "Ba ki kai nan ba. Jiya ya kira ni, kalma biyu sai ya huta, wai hayaƙin mota ne. Yau bai kira ba. Ni na haife shi. Abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Ina ɗana?"

Na kalli safar hannuna. Na yi masa alkawari, gaskiya ne. Amma ƙaryar da ya yi don ya kare ta ita ce take cinye ta a bayan ƙofar nan.

"Ya kamu, Inna. Kwanansa biyar. Yau da safe aka kai shi asibiti, an sa masa oksijin."

Sarƙa ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe gabaɗaya. Ga ta da sanda, mayafi a karkace, tana laluben takalmin fita da ƙafa.

Na miƙe na tare matakalar da hannuwana biyu, daga nesa. "Ba za ki sauka ba."

"Ke wace ce da za ki hana ni ganin ɗana?"

"Ni ba kowa ba ce, kin riga kin faɗa mini. Amma ba sa barin kowa ya shiga, ko ni ko ke. In kika fita kika kwaso cutar, da wane baki zan gaya masa?" Na ci gaba. "Ga abin da za mu yi. Kullum kafin in zo nan zan biya ta ƙofar asibiti in ga nas ɗin da ke kula da shi. Abin da ta faɗa mini, mai daɗi ko marar daɗi, zan kawo miki shi yadda yake, ba ragi. Ke kuma ki ci abinci a gabana, ki sha magani."

"Ciniki kike yi da ni?"

"Eh, Inna."

Ta dube ni kamar za ta ɗaga sandar. Sai ta jawo kujerar roba da ke bayan ƙofa ta zauna, ta sa kan sandar ta janyo robar abincin. Loma biyar ta yi, ina ƙirgawa, hawaye yana ɗiga a kan shinkafar.

Haka muka koma yi. Nas ɗin, wata gajeriya mai saurin magana, takan fito bakin ƙofar asibiti da ƙarfe sha biyu ta ba ni minti biyu. Ni kuma in hau hawa uku in zauna a matakalata, Inna a kujerarta, taku shida a tsakaninmu. Ba ma hira. In faɗi, ta ci, in tafi.

A rana ta biyar da kwantar da shi nas ɗin ba ta yi saurin magana ba. An mayar da shi ɗakin masu tsananin ciwo, ta ce, kwana biyun nan su ne za su nuna.

Na shiga mota na kifa kai a sitiyari na yi kuka har takunkumina ya jiƙe. Na kira Umma.

"Yi kukanki ki gama," ta ce. "In kin gama ki canja takunkumi, ki tayar da mota. Yayanki ya kira yana faɗa wai in dawo da ke gida, na ce masa wadda ta gado taurin kan babanku ba da waya ake dawo da ita ba. Je ki, ina nan ina muku addu'a."

A matakalar bene na yi ta shirya yadda zan sassauta maganar. Da na ga fuskar Inna sai na faɗa mata yadda aka faɗa mini.

Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe robar da kanta ta fara ci, a hankali, kamar mai shan magani mai ɗaci.

"Kin ci wani abu yau?" ta tambaye ni.

"Zan ci."

"Ƙarya kike. Idonki ya faɗa." Ta ɗauki lemun ta gangaro mini shi a ƙasa, ya zo ya tsaya a ƙafata. "Ɓare."

Ina ɓarewa ta ce, ba ta kalle ni ba, "Shekara tara na yi kafin in same shi. Uwar mijina takan ƙirga mini shekarun a gaban baƙi. Na sha rantsuwa cewa ba zan taɓa yi wa 'yar wani haka ba." Ta goge bakinta da gefen mayafi. "Ranar da kika zo, ina jin maganarta tana fita daga bakina, na kasa tsayar da ita. Tsoro nake ji. In na mutu, shi kaɗai zai rage."

"Ba zan iya yi miki alkawarin jika ba, Inna. Likitoci sun ce ba su ga komai ba, amma shekara shida shekara shida ce. Abin da na sani kawai, muddin ina numfashi ba zai rage shi kaɗai ba."

Ta gyaɗa kai. "Cinye lemun. Mutane suna jiranki."

Kwana biyun suka wuce, ya tsallake. A na huɗu nas ɗin ta fito tana dariya tun daga nesa, ta miƙo wayarta ta cikin ƙarafan ƙofa. Ya yi mini saƙon murya, muryar kamar ta tsoho: "Malamata... an ce kin karya alkawari. Zan hukunta ki in na samu ƙarfin tsayawa. Ki ce wa Inna ina jin yunwa. Ina sonki, rabin raina."

Na roƙe ta ta turo mini. A benen Inna na kunna, na yi saurin kashewa kafin ƙarshen.

"Mayar baya," in ji Inna. "Ai bai gama ba."

Na kunna har ƙarshe, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta sa na maimaita sau uku.

Sai bayan sati uku da sallamarsa likita ya yarda ya fita. Ni na tuƙa, yana gefena, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya hau benen yana hutawa a kowane hawa, ni ina biye da robar abinci. Inna tana zaune a kujerarta tun kafin mu iso, ta sa sabon mayafi.

Suka tsaya suna kallon juna daga nesa. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa shi, ta mayar ta dafe ƙirjinta.

"Hayaƙin mota ko?" ta ce, hawaye yana zuba. "Don ka ga na tsufa."

"Ki yafe mini, Inna."

"Kai naka mai sauƙi ne. Matsa, ka tare mini ita." Ya matsa gefe. Ta dube ni. "Na tambaye ki me za ki ba shi. Ban da ikon yin wannan tambayar. Ki yafe mini, 'yata."

Na ɗauka in wannan ranar ta zo zan sami maganganu da yawa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na yafe, Inna."

"To kai kuma," ta juya kansa, "ka je ka ga mahaifiyarta a satin nan, ko ta taga ce. Kada ka tsaya jiran sai ka yi ƙiba."

An ɗaura aurenmu da mutum takwas, domin doka ba ta yarda a wuce goma ba. Uwar Kicin ta ba ni hutun kwana biyu tana mita. A rana ta uku muka koma layi tare, shi yana tuƙi, ni ina hawa benaye, har zuwa ranar da aka buɗe gari.

Yanzu shekararmu biyu. Inna tana tare da mu a gidan ƙasa da muka kama saboda gwiwoyinta. Har yau ban haihu ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Rannan wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa, ta kalli cikina ta ce, "Malama, har yanzu shiru?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ajiye kofin shayinta.

"Kin ji mun ba da cigiya ne?" ta ce. "Gidanmu a cike yake."