Fankar da Ta Kwana a Gulbi

La'asar sakaliya Mujtaba ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ya bar unguwar Gesse ya kama hanyar Argungu yana tsaki. A shekarun nan masu gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma a ganinsa sauran duk 'yan dagaji ne. Wai shi za a taso har Argungu saboda fanka!

Dankure ne ya aiko, mai ɗaukar bidiyon biki da suna, wanda shagonsa ke gab da gulbi. Da damina ruwa ya cika ya shiga shagon, kwamfutar da yake haɗa kaset da ita ta kwana a nutse. Aka tsamo ta, aka shanya a rana kamar kifi, ta kuwa tashi. Sai dai tun ranar ƙaramar fankar da ke manne da katin da ke fitar da hoto a allo ta sake hali.

Mujtaba ya isa rana na faɗuwa. Shagon na warin laka da danshi. Dankure, ƙato guda da shi, ya toge a bakin ƙofa.

"Injiniya, ka bari sai an yi salla. Ba mu tada ta da magariba."

"Ita ma alwala za ta yi?" in ji Mujtaba.

"Ba wasa ni kai ba. In za ka tada ta, ka yi sallama. Abin da anka tsamo cikin ruwa, ba shi ɗai yaka hitowa ba."

Mujtaba ya dube shi sama da ƙasa. Kai, wannan ƙauyanci da yawa yake! An ba masunta kwamfuta, ai dole su yi mata sallama. Ko ɗan koyo ya san in an kunna kwamfuta, fanka kan zabura da ƙara na ɗan lokaci, in na'urar ta gama farkawa sai ta lafa. Abin da ya hana ƙaton nan barci ke nan.

Ya kwance murfin akwatin, ya tsuguna, ya danna maɓalli. Ko bisimilla bai yi ba.

Fankar ta zabura, fuuu! Ta lafa. Ya juyo zai yi wa Dankure dariya, sai ta sake ɗauka. Ta ja, ta saki. Ta ja, ta saki.

Iskar da ke fitowa ya kamata ta zama mai ɗumi. Wannan sanyi ƙalau, ga ƙarnin kifi da warin ruɓaɓɓiyar ciyawar ƙasan ruwa.

"Tsatsa ce kawai," ya ce.

Daga masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya. Dankure ya ja da baya.

Mujtaba na da ɗabi'a irin ta masu sana'arsa. In yana son ya tabbatar wace fanka ce ke ƙara, sai ya ɗora yatsa a tsakiyarta ya tsayar da ita. Ya yi haka sau ba adadi.

"Injiniya, kak ka taɓa," Dankure ya faɗa cikin raɗa.

Ya taɓa.

Fankar ta tsaya cak. Numfashinsa ma ya tsaya.

Ya buɗe baki. Babu iska. Ƙirjinsa ya cika da sanyi, kunnuwansa suka toshe, sai gurgur ɗin ruwa yake ji.

Ya fizgi yatsan. Ya ƙi fitowa. Wani abu mai santsi ya zagayo ta bayan katin ya riƙe shi, a hankali, ba gaggawa.

Dankure ya finciko wayar wuta. Allo ya mutu. Riƙon bai saki ba.

"Sallama! Yi sallama!"

Da wace iskar? Idanunsa sun fara rufewa. Ya motsa leɓe kawai, yana hawaye.

Aka sake shi.

Ya faɗi wanwar yana tari, ruwan laka na fita ta hancinsa. Yana kwance ya ji ta. Ga waya yashe a ƙasa, amma fankar na juyawa. In ya ja numfashi ta ɗauka, in ya sauke ta lafa.

Ko kuwa ita ce ke fara ɗauka, shi ya bi.

Yanzu Mujtaba ba ya tsaki in an ambaci Argungu. Kowace Juma'a bayan masallaci yana kan hanya, da 'yar kwalbar man keken ɗinki a aljihu. Yakan cire takalmi a ƙofar shagon, ya yi sallama, ya ɗiga wa fankar mai da tsinke. Ya hana a share kusa da ita don kada tsintsiya ta shiga.

Dankure kan ce ya kwantar da hankali, ai tana juyawa lafiya. Mai bidiyo me ya sani? Shi da ya zubar da matattun fankoki cike da kwali ya san ba wadda ke dawwama.

Juma'ar da ta wuce ya ji ta fara 'yar ƙara, ƙiii, ƙiii, irin ta fankar da ta kusa mutuwa.

Da ya koma gida, matarsa Baiwa ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kasa kunne.

"Maigida, mi ka kuka haka cikin ƙirjinka?"