Shafi Goma Sha Biyun da Ta Tsallake

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya sosai ba.

Akwai wata yarinya, 'yan ajinsu na ce mata Sarkin Sauri. Ran nan Malama ta raba musu wani tsohon littafin labari na ƙasar Faransa.

"Ku fara da shafi goma sha biyun farko," in ji Malama. "Tarihin zamanin ne."

Sarkin Sauri ta duba, ta ga shekaru birjik. Ta ja tsaki, ta tsallake.

A labarin, wata masaƙiya ta haihu. Kwana uku kacal, ta aika jaririn ƙauye wurin mai raino.

Ran Litinin Malama ta tambaya, "Ya kuka ga masaƙiyar nan?"

Sarkin Sauri ta miƙe zumbur. "Muguwa ce, Malama! Duk wadda ta bar ɗanta a hannun wani, ba uwa ba ce."

Ƙawarta da suke benci ɗaya ta sunkuyar da kai. Wurin kakarta take zaune, mamarta na aiki a nesa. A hankali ta janye jakarta, ta koma bencin baya.

Da aka tashi, Malama ta tsayar da Sarkin Sauri a bakin ƙofa. "Kin karanta shafukan farko?"

"A'a, Malama."

"Na ga alama. Je ki karanta."

A gida ta zauna ta karanta. Ashe a zamanin, matan masaƙa tun asuba suke aiki har duhu. In uwa ta tsaya raino, gidan ba abinci. Dubban mata haka suka yi, ba don suna so ba.

Nan take ta tuna da ƙawarta.

Washegari ta je bencin baya, ta zauna kusa da ƙawarta. "Ki yafe min. Na yi magana ban san komai ba."

Ƙawar ta ɗago kai ta dube ta. "Kullum Mama sai ta kira ni, kin sani?"

"Yanzu na sani."

"To matsa, Sarkin Surutu, kin zauna min a kan hijabi."

Suka fashe da dariya.

Tun daga ranar ta gane, kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka san halin da yake ciki tukuna. Ko a littafi ne, balle wanda kuke benci ɗa...

Na'am, Umma! Ga ni nan!